Goron da Na Kai Withington

Ku samarin yanzu, in kun ga mai duba tukwanen kashe gobara ya shigo ofishinku, ya kanga waya a jikin tukunya ta yi 'yar ƙara ya wuce, sai ku ce ai wannan ba aiki ba ne, yawo ne ake biyan mutum. Wani ma ya faɗa mini haka a bakin masallaci yana dariya, ni ma na taya shi. To ku gyara zama. Sunana Salifu, a Zangon Takoradi aka haife ni, a unguwar Old Trafford ta ƙasar Turawa na tsufa, kuma da wannan yawon na ciyar da iyalina. Yawancinsa ba a ofis mai kafet na yi shi ba, a ma'aikatun gyaran jiragen ruwa na yi shi, inda tukunya ba ta san zaman bango ba.

Akwai wata ma'aikata a bakin mashigin ruwan da ake kira Ship Canal da nake zuwa tun ina da baƙin gashi. Ƙaton rami ne mai ƙofa, a jawo jirgi ciki, a rufe, a zuƙe ruwan, jirgin ya zauna a kan gumagumai tumbinsa a waje. Daga nan kowa ya hau shi. Masu walda a sama suna zubar da tartsatsi, masu fenti a ƙasa da gwangwanayensu a buɗe, ga tsumma ya sha mai a kowane lungu. Duk inda ake walda dole a tsayar da mutum da tukunya a kusa, shi ya sa tukwanen wurin sun fi 'yan talla yawo. Wadda ka bari a saman jirgi da safe, da rana tana ɗakin inji. Wata an tokare ƙofa da ita, wata an rataya mata rigar ruwa. Kafin ka duba tukunya sai ka fara farautarta.

Tukunyar farko da aka bar ni na duba da hannuna ta hoda ce, a cikin wani ƙaramin jirgi mai jan manya. Allurarta na kan kore, fil ɗinta na nan, hatiminsa bai tsinke ba, na ce lafiyarta lau. Tsohon da ya koya mini aikin, wani ɗan Ireland marar yawan magana, ya kife ta ya kai ta kunnena. Shiru. Ya ɗauko wata ya kife, na ji hodar na gangarowa suuu kamar garin tuwo. Ashe ta farkon girgizar inji ta daskarar da hodarta ta zama dutse, ranar gobara ko ka matsa iska ce kawai za ta fito. Tun daga ranar kunnena ya shiga cikin kayan aikina, tare da sikeli mai ƙugiya, da sufana, da tocila, da ɗan gwangwanin giris, da tsumma. Tukwanen duk jajaye ne, ɗamararsu ce ta bambanta: shuɗiya ta hoda, mai ruwan madara ta kumfa, baƙa ta iska. Ita mai baƙar ɗamara ba ta da allura sam, sikeli ne kaɗai zai gaya maka ko cike take ko fanko ce.

Wata shekara da zafi na auna masu baƙar ɗamara na wani sashe, na tarar duk sun rame. Ashe masu walda ne ke fesa wa gwangwanayen lemonsu don su yi sanyi. Na yi faɗa har Turanci ya ƙare mini na koma Hausa, suka tsaya suna kallona, babbansu ya miƙo mini lemo ɗaya mai sanyi ƙarara ya ce in sha in huce. Na sha, amma sai da na kwashe tukwanen. Haka masu hulɗa da mu suke. Wani kyaftin zai cika ka da shayi da biskit don ka sa hannu ba tare da ka sauka ɗakin inji ba. Ba mugaye ba ne, mutane ne da ba su taɓa ganin wuta a cikin jirgi ba. Ni na gani sau ɗaya, kuma ba na son ba da labarinta.

Ana nan sai kamfani ya haɗa ni mota ɗaya da Rabi'u. Bakano ne, da tallafin karatu ya zo, ya gama digirinsa na biyu a fannin injiniya, aka ba shi izinin ya zauna ya yi aiki na wani lokaci. Aikin da ya karanta bai samu ba, ga mata, ga jaririya, ga hayar gida a Withington, sai ya zo wurinmu. Ni na koya masa kife tukunya da saurarenta, ni na koya masa sauka tsanin jirgi da kaya a hannu ba tare da ya karya wuya ba. Yana da kai, yana da ladabi har ya yi yawa. Ban taɓa ɗaukar jakar kayan aiki ba in yana kusa. Yakan tsokane ni da Hausar Zango, wai muna mayar da mace namiji, ni kuma in ce masa Kanawa ko tukunyar gobara suka gani sai sun tambayi kuɗinta.

Bai daɗe da zuwa ba aka kawo mana na'urar. Kamar rabin bulo take, sanye da rigar roba ruwan ɗorawa, da ɗan tsinke ɗaure da zare wanda ake tsokanar fuskarta da shi. Aka bi kowace tukunya aka manna mata 'yar takarda mai zane-zane baƙi da fari. In ka haska jan hasken na'urar a kan zanen, sai tarihin tukunyar ya fito: inda take zama, yaushe aka duba ta, yaushe za a juye ta a sake cikawa. Ka amsa tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, da yamma ka zaunar da ita a mazauninta a ofis ta juye komai cikin kwamfuta. Ba zan ci amanarta ba, ta yi amfani. Takardun da ruwan sama ke jiƙawa sun ƙare, kuma tukunyar da ta gudu daga saman jirgi zuwa sito ba ta da wurin ɓuya.

Ranar farko na ɗauke ta ina jujjuyawa, Rabi'u ya miƙo hannu biyu.

"Baba, kawo. Wannan ba girmanka ba ne. Kai ka duba, ni in shigar."

Na miƙa masa, har na ji daɗi. Haka muka saba: ni in kife, in auna, in faɗa, shi ya tsokana. Babu motar da ta kai tamu sauri, kuma ban sake taɓa na'urar ba sai dai in matsar da ita in ajiye kofin shayi.

Sai mummunar shekara ta zo, shekarar da bankuna suka durƙushe. Jirage suka rage zuwa gyara, shaguna da ma'aikatun da muke duba wa suka riƙa rufewa. Wata safiya Colin, manajanmu, ya kira mu ofis ya rufe ƙofa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce daga ƙarshen hunturu kowace mota mutum ɗaya za ta ɗauka. Ni na fi daɗewa, ni ke da cikakkiyar shaidar ƙwarewa, don haka kujerar tawa ce, amma da sharaɗi: zai tura ni Birmingham ni kaɗai da na'urar, in yi zagayen wata ma'aikatar jirage in dawo da aiki mai tsabta. In na kasa, kujerar ta Rabi'u ce. A lokacin na haura hamsin da biyar, yara suna makaranta, kuma ban san wata sana'a ba.

Muka shiga mota muka kama hanya, har muka wuce filin ƙwallo. Can Rabi'u ya ce, "Baba, gobe mu fara lesson."

Muka fara, amma me? In na danna inda bai kamata ba, sai ya ce, "Daidai ne, Baba, sai dai bari in duba battery," ya karɓa, ya juya baya ya gyara, ya miƙo. In na tsaya ina lalube, kafin in yi tambaya ya yi mini. Wani zai ce da gangan yake yi don in faɗi. Ni da na ga gumin da ke tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyin na san ba haka ba ne. Rannan a ɗakin injin wani jirgin kwashe yashi na ce bari in gwada shi. Na haska tukunyar ruwa, na shigar da ita a matsayin ta hoda, na ce ba ta da tiyo alhali ga tiyon yana reto, na nuna masa.

Ya duba, ya sosa ƙeya. "Kusan daidai ne, Baba."

"Kusan? Rabi'u, kashe ni za ka yi da ladabi?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba ba zan iya buɗe baki in ce maka ka yi wrong ba. Kai ka koya mini aikin nan, ka haife ni. In na yi niyya sai harshena ya ƙi."

Na yi ta juya maganar a raina. Gemu ba ya hana ilimi, amma ga shi gemuna ya hana mai ilimin magana. Sai na tuna yadda ake shiga koyon sana'a a wurinmu. A Zango yaro ba ya zuwa wurin mai sana'a haka kawai. Babba ne zai kai shi da goro da lemo, a damƙa shi a gaban shaidu, daga ranar mai sana'ar ya zama masta, yana da ikon faɗa da tsawa, ko uban yaron ba zai tanka ba. Na je shagon 'yan ƙasarmu a Moss Side na sayi goro fari da ja, manya, da katan ɗin lemo. Na je wurin Alhaji Tanko, tsohon tela, wanda shi ne dattijon 'yan Zango a unguwarmu, na faɗa masa buƙatata. Ya yi dariya har ya yi tari, sannan ya ce in ɗauko masa sandarsa.

Ranar Asabar bayan azahar muka hau benen su Rabi'u, ni da rigata ta salla. Matarsa Hauwa ta buɗe mana, ta durƙusa ta gaishe mu, aka ba mu kujeru. Alhaji ya zauna, ni kuwa na zame na zauna a ƙasa, na tura goron gaban Rabi'u. Ya zabura ya miƙe.

"Subhanallahi! Baba, don Allah tashi!"

"Zauna, Malam," in ji Alhaji Tanko. "Yau ba babanka ba ne. Yaro muka kawo maka. Kansa da ɗan tauri, amma ba ya sata, ba ya ƙarya. Ka koya masa sana'arka ta wannan machine. In ya yi kuskure ka faɗa masa a fuska, in ya maimaita ka ɗaga murya. Ba mai cewa ka yi rashin kunya, mu muka ba ka."

Ina jin Hauwa a kicin tana danne dariya. Sai Alhaji ya sassauta murya.

"Amma ka san abin da ke cikin goron nan. In yaron nan ya iya, kai ne a waje. In ka mayar mana da goron, wallahi ba mai zarginka, ni ne shaida."

Dariyar kicin ta ɗauke. Jaririyar ta yi ɗan kuka a ɗaki, Rabi'u ya juya yana kallon ƙofar, ya daɗe. Ni dai idona na kan kafet, don na san nauyin abin da na zo roƙo, kuma kunya ta kama ni. Can ya sa hannu ya ɗauki jan goro, ya ɓare, ya gatsa. Rabi'u ba ya cin goro, fuskarsa ta yamutse kamar ya sha maɗaci, amma ya haɗiye. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi fatiha.

Litinin da safe na ce, "Ina kwana, Masta." Ya buɗe baki zai ce Baba, na ce babu Baba a motar nan. Ya kasa kiran sunana gatsau, sai muka daidaita a kan Ɗalibi. Jama'a, ashe damisa nake ɗauka a mota ban sani ba.

"Ɗalibi, wa ya ce ka taɓa da yatsa? Ina tsinken?"

"Ɗalibi, ka yi save? Ba ka yi ba. Goge, sake daga farko."

Yakan cusa hannuwansa biyu cikin aljihu don kar su karɓe na'urar da kansu. In na maƙale sai ya kalli sama ya bar ni ina zufa har in gano hanya. Masu walda suka ga mai furfura ana yi masa tsawa yana cewa to, suka ajiye aiki suna kallo, kafin mako ya zagayo su ma Masta suke kiransa. Wata rana ya tsaya yana lura da yadda nake nesanta na'urar da fuskata, ya ce, "Ɗalibi, rabin matsalarka ido ne. Gobe ka je optician, kar ka shigo van ɗin nan ba tabarau." Iyalina sun daɗe da ganin haka, ba wanda ya iya faɗa mini. Na sa tabarau, sai ga rubutun da nake zaton ƙura ce ashe umarni ne.

Ranar Birmingham sanyi ya yi tsanani. Kafin in tashi Rabi'u ya duba cajin na'urar, ya miƙo mini ya ce, "Kar ka kira ni, na kashe waya." Ma'aikatar tana bakin wani mashigin ruwa kusa da Aston, jiragenta ba irin namu ba ne, dogaye ne sirara masu ɗaki a kai, mutane na kwana a ciki da murhunsu da tukunyar gas. Mai wurin wata dattijuwa ce, ta ba ni makullai ta koma ɗakinta mai ɗumi. Na fara da rumfar walda, na haska, na auna, na amsa, na adana. Da na'urar ta fara lumshe ido saboda sanyi, na cusa ta cikin rigata ta ɗumama, kamar yadda aka koya mini.

A rumfar fenti na gamu da gamona. Wata tukunyar hoda ce an shafe zanenta da koren fenti, jan hasken ya rasa abin karantawa. Na kife ta a kunne, shiru, ta mutu. Ke nan sai in nemo ta a cikin na'urar da lambar da aka buga a gindinta, in shigar cewa ta lalace, in cire ta daga wurin, in ɗauko sabuwa daga mota in manna mata sabon zane, in gaya wa na'urar cewa wannan ce ta gaji waccan. A wannan gaɓar ce na fi shan tsawa. Na yi rabi, na danna wani abu, komai ya ɓace. Na ciro wayata, na tuna a kashe tasa take, na mayar. Na zauna a kan wani bokiti na goge tabarau, na ce wa kaina da muryarsa, goge, sake daga farko. Na sake a hankali, ina karanta kowane layi da ƙarfi, har dattijuwar ta leƙo ta taga ta ga ko da wa nake magana. Da na'urar ta nuna sabuwar tukunya zaune a rumfar fenti, na yi hamdala, sannan na duba sau biyu ko na adana.

Washegari da safe Colin ya buɗe kwamfuta, ya bi aikin layi-layi, mu biyu muna tsaye. Ya ce babu gyara. Ya miƙo mini hannu, sannan ya roƙe ni in ba su wuri shi da Rabi'u. Na fita na tsaya jikin mota. Daga baya Rabi'u ya sha wuya, ya yi watanni yana gadin wani sito kafin Allah Ya buɗa masa hanyar aikin da ya karanta. Amma a wannan safiyar ba wanda ya san za a yi hakan, abin da ke gabansa haya ce da jaririya.

Ya fito da 'yar jakarsa, yana murmushi. Ya ce, "Baba, congratulations." Ya buɗe mota ya ɗauki hularsa ta kwano da dardumar sallarsa. Duk maganar da na tanada ta yi mini ƙanƙanta a baki. Sai na ce, "Masta, ba ka sallame ni ba."

Ya tsaya yana kallona, bai gane ba. Na ce masa a wurinmu ɗalibi ba ya fara cin gashin kansa sai masta ya sallame shi da bakinsa, ya sa masa albarka, in ba haka ba sana'ar ba ta yin auki. Ya tambaye ni me ake cewa. Na ce ban isa in koya wa masta addu'a ba.

Ya ajiye jakar a ƙasa, cikin yayyafin da ake yi, ya ɗaga hannuwa, ni ma na ɗaga nawa. Ya roƙa mini lafiyar ido da ƙarfin gwiwa, ya roƙa kar Allah Ya sa tukunyar da na duba ta ba wani kunya ranar wuta. Sannan ya faɗi abin da kowane masta na ƙwarai ke faɗa wa ɗalibinsa, ko da ba wanda ya gaya masa.

"Na sallame ka. Allah Ya sa ka ci abinci da ita, Ya sa ka fi wanda ya koya maka."

Ba a ƙin amsa addu'ar masta. Na ce amin, kuma tun da nake ban taɓa faɗin amin mai nauyin wannan ba.